BABI NA UKU: Tarihin Tiyatar Bututun Janye Ruwan Ƙwaƙwalwa a Yara da Matsalolin da Kan Taso Bayan Shekaru

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a bi diddigin tarihin aikin tiyatar da ake yi wa yaran da ruwa ya taru musu a ƙwaƙwalwa, wato dasa wani siririn bututu da likitoci ke kira shant, domin ya riƙa janye ruwan zuwa wani sashe na jiki. Za a fi mayar da hankali a kan matsalolin da ba sa bayyana a ɗakin tiyata ko a makonnin jinya, sai yaro ya koma gida ya shekara biyu ko biyar ko goma, wani lokaci ma sai ya zama magidanci. Abin da babin ke son nunawa shi ne, nasarar da aka samu ita ce ta haifi waɗannan matsaloli. A zamanin da yaran ba sa daɗewa a duniya babu wanda ya san da su. Da bututun ya tsawaita rayuwa, sai suka shiga fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace gyara da irin tata.

3.1 Yadda Ciwon Yake

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ɗakuna guda huɗu masu haɗe da juna, cike da wani ruwa garai-garai. Wani tantani mai yawan jijiyoyin jini da ake kira koroid shi ke samar da mafi yawan ruwan nan. Babban mutum kan samar da kimanin rabin lita a rana, alhali abin da ke cikin kansa da gadon bayansa a lokaci guda bai wuce kimanin mililita 150 ba. Ke nan dole ruwan ya riƙa gudana yana komawa cikin jini a kai a kai. Idan hanya ta toshe, ko jiki ya kasa tsotse shi, sai ya taru ya kumbura ɗakunan, ya matse ƙwaƙwalwa. Jariri, da yake ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, sai kan ya yi ta girma, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Yaro babba kuwa, da ƙoƙon kansa ya riga ya rufe, ciwon kai da amai da yawan barci ke kama shi. Daga cikin abubuwan da ke jawo ciwon akwai tawayar halitta irin ta buɗaɗɗen ƙashin baya, da zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini, da ƙari, da kuma sanƙarau.

3.2 Kafin Samuwar Bututu

Likitocin Girka na da, irin su Buƙraɗ da Jalinusu, sun san wannan ciwo, sai dai sun ɗauka ruwan a wajen ƙwaƙwalwa yake taruwa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan nan na Andalus da ya rasu a 1013, ya yi bayanin yadda ake tsaga fatar kai a fitar da ruwan a littafinsa At-Tasrif. Amma ya faɗi gaskiya cewa yaran da ya gani da ciwon ba su daɗe ba suka mutu, don haka ya fi son kada ya taɓa su da wuƙa. A ƙarni na 16 ne Andreas Vesalius ya buɗe kan wata yarinya 'yar shekara biyu da ta rasu, ya tarar da ruwa mai yawan gaske a cikin ɗakunan ƙwaƙwalwar kansu. Daga nan aka san ainihin inda ruwan yake.

Sanin wurin bai kawo magani ba. A 1962 wasu masu bincike biyu a Birtaniya, Laurence da Coates, suka bayar da rahoton yara 182 masu wannan ciwo da ba a yi musu tiyata ba. Lissafinsu ya nuna kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai ake sa ran zai kai girma, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi da naƙasa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa tunawa da shi duk sa'ad da ake maganar aibin bututu.

3.3 Gwaje-gwajen Farko, 1881 zuwa 1949

A 1881 Carl Wernicke na Jamus ya soka allura cikin ɗakin ƙwaƙwalwa ya janyo ruwa waje. A 1891 Heinrich Quincke ya fito da dabarar ɗibar ruwan ta gadon baya. Duk waɗannan sauƙi ne na ɗan lokaci, domin ruwan kan sake taruwa cikin kwanaki, kuma ƙwayoyin cuta kan bi hanyar allurar su shiga. Saboda haka sai tunani ya koma ga yadda za a karkata ruwan zuwa wani wuri a cikin jikin da kansa. A 1893 Mikulicz ya gwada kai shi ƙarƙashin fatar kai. A farkon ƙarni na 20 Kausch ya gwada kai shi cikin ciki, Payr kuma a 1908 ya yi amfani da jijiyar jini a matsayin bututu. An gwada roba da gilashi da azurfa da zinariya, amma jiki kan ƙi su, ko su toshe.

A 1913 da 1914 Walter Dandy da Kenneth Blackfan na asibitin Johns Hopkins a Amurka suka toshe siririyar hanyar ruwan a kan karnuka, sai ga ciwon ya bayyana. Ta haka suka raba shi gida biyu: wanda toshewar hanya ke kawowa da wanda gazawar tsotsewa ke kawowa. A 1918 Dandy ya gwada cire tantanin da ke samar da ruwan, amma yara da yawa ba su tsira daga aikin ba. A 1923 Jason Mixter ya leƙa cikin ƙwaƙwalwa da na'ura ya huda ƙasan ɗaki na uku domin ruwa ya sami mafita. Rashin kyawun na'urorin lokacin ya sa aka jingine wannan dabara, sai bayan shekaru masu yawa aka waiwaye ta, kamar yadda bayani zai zo.

Akwai wani aiki na wannan zamani da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fara nuna irin halin da za a shiga. A 1949 Donald Matson na Boston ya riƙa cire wa yaro ƙoda guda, ya haɗa bututu daga gadon baya zuwa hanyar fitsarin ƙodar da aka cire, ruwan ya riƙa fita tare da fitsari. Kai kan daina girma, amma ruwan ƙwaƙwalwa yana ɗauke da gishiri, don haka kullum yaron yana asararsa. Da zarar zawo ko amai ya kama shi, sai jiki ya bushe farat ɗaya. Haka kuma ƙwayoyin cuta kan hauro daga mafitsara su jawo sanƙarau. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

3.4 Bawul da Silikon, 1949 zuwa 1962

Likitoci sun daɗe da ganin cewa jini ne ya fi dacewa ya karɓi ruwan, tunda can yake komawa tun asali. Matsalar ita ce jini kan biyo bututun ya daskare a ciki. Abin da ake bukata shi ne bawul, wato 'yar ƙofa da ke barin ruwa ya wuce gaba amma ba ta barin komai ya dawo. A 1949 Frank Nulsen da Eugene Spitz na Filadelfiya suka dasa irin wannan bawul mai 'yan ƙwallaye da sifirin, daga ƙwaƙwalwa zuwa jijiyar wuya, suka buga sakamakon a 1952. Sai dai haɗa shi na da wuya, kuma yakan toshe.

Wanda ya warware matsalar ba likita ba ne. John Holter maƙerin injuna ne a wata masana'anta. A ƙarshen 1955 aka haifa masa ɗa mai suna Casey da buɗaɗɗen ƙashin baya, ruwa kuma ya taru masa a kai. Da Spitz ya bayyana masa abin da ake nema, sai ya koma ɗakin aikinsa na gida ya ƙera bawul mai 'yar tsaga, daga baya ya samo robar silikon wadda ke jure zafin dafa kayan tiyata, jiki kuma ba ya saurin ƙin ta. An fara dasa wannan bawul a 1956. Casey ya samu nasa, amma ƙwaƙwalwarsa ta riga ta taɓu a wata tiyata da ta gabata, ya rasu bayan kimanin shekara biyar. Holter ya ci gaba da ƙera bawul ɗin, dubban yara suka amfana. A 1957 Robert Pudenz ya fito da nasa samfurin mai kai ruwa har cikin zuciya.

Ba a jima ba aka gane cewa sabon bututun ma yana toshewa. A Disambar 1960 wata tasi ta buge keken jaririn marubucin nan Roald Dahl a birnin Niyok, yaron yana ɗan wata huɗu. An dasa masa bututu, amma ya yi ta toshewa, ana komawa tiyata. Dahl ya haɗa kai da Stanley Wade, injiniya, da Kenneth Till, likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara a Landan, suka fito da wani bawul na ƙarfe a 1962. Kafin su gama yaron ya warke, amma an dasa wa yara kusan 3,000 nasu, kuma su ukun sun ƙi cin ribar ko kwabo. Abin lura a nan shi ne, sau biyu uba ne ya tura aikin gaba, domin shi ke gida da yaro yana ganin abin da ke faruwa bayan an sallamo su.

3.5 Matsalolin Bututun Zuciya

A shekarun 1960 bututun da ke zuwa zuciya shi ne ake yayi. Da yaran suka fara shekaru da shi, sai abubuwa uku suka fito fili.

Na farko shi ne girma. Yaro yana tsawo, bututu ba ya tsawo. A hankali bakinsa kan zame daga zuciya ya koma cikin jijiyar wuya, jini ya daskare a kansa. Dole a sake tiyata a ƙara masa tsawo, wani yaron ma fiye da sau ɗaya.

Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta marasa ƙarfi da ke zaune a fatar kowa. Sukan manne a jikin silikon tun ranar tiyata, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa, su riƙa tsiyaya cikin jini a hankali. Yaro kan yi ta fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya da ƙarancin jini, ba wanda ya kawo bututu a ransa. A 1965 Black da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa wannan hali kan kai ga ciwon ƙoda, yaro ya kumbura, jini ya fito a fitsari. Maganinsa shi ne cire bututun gaba ɗaya.

Na uku shi ne ƙananan gudajin jini da ke ɓallewa daga bakin bututun su maƙale a huhu. Idan abin ya ɗauki shekaru, sai jijiyoyin huhu su ƙuntata, ɓangaren dama na zuciya ya gaji. Sau da yawa ba a ganewa sai numfashi ya fara gagara, lokacin kuwa gyara ta yi wuya.

3.6 Komawa Cikin Ciki

Waɗannan dalilai suka sa aka koma ga tsohuwar shawarar Kausch, amma da silikon. Rahoton Ames na 1967 ya taimaka wajen yaɗa ta, kuma a shekarun 1970 bututun da ke bi ta ƙarƙashin fata daga bayan kunne, ta wuya da ƙirji, zuwa sararin da ke kewaye da hanji ya zama shi ne aka fi dasawa, har zuwa yau. Fa'idarsa ita ce ana iya cusa bututu mai tsawo ya naɗe a ciki, yaro na girma yana warwarewa. Idan kuma cuta ta kama shi, ba kai tsaye take shiga jini ba.

Duk da haka, shi ma ya zo da nasa. Wani lokaci tantanin ciki kan kewaye bakin bututun ya yi jaka, ruwa ya taru a ciki har cikin yaro ya kumbura, kai kuma ya koma ciwo. Wani lokaci bakin bututun kan goga hanji a hankali har ya huda shi, abin da aka fara bayar da rahotonsa a 1966. Akwai yaran da sai uwa ta ga bututu ya leƙo ta dubura kafin a sani, kuma hatsarin shi ne ƙwayoyin hanji su haura zuwa ƙwaƙwalwa. Yara maza kan samu ƙaba ko taruwar ruwa a maraina. Har wa yau, silikon da kansa yakan tsufa. Bayan shekaru wani farin sinadari mai kama da alli kan taru a jikinsa, ya bushe ya manne da nama, musamman a wuya inda motsi ya fi yawa. Da yaro ya shiga tsawon balaga sai bututun ya tsinke ko ya zare daga mahaɗarsa.

3.7 Janye Ruwa Fiye da Kima

Wata matsalar kuma ba daga toshewa take ba, daga yawan aiki take. Jariri a kwance yake wuni. Da ya fara zama da tafiya, sai kai ya koma sama, ciki a ƙasa, bututun ya shiga zuƙo ruwa kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. A 1968 Becker da Nulsen suka yi bayanin illar wannan hali. Ƙwaƙwalwa kan janye daga ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyi su tsinke, jini ya taru a tsakani. A wasu yaran ƙasusuwan kai kan haɗe tun lokaci bai yi ba, kai ya tsaya ƙarami.

Samuwar na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta Si-Ti, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, ta sa aka ga abin da ido. A wasu yaran ɗakunan kan tsuke su zama kamar tsaga, bangonsu ya riƙa rufe ramukan bututun yana buɗewa. Yaro ɗan makaranta sai ya riƙa fama da matsanancin ciwon kai mai zuwa yana tafiya. A 1982 Hyde-Rowan da Rekate da Nulsen suka siffanta wannan a matsayin ciwo mai zaman kansa. Hatsarinsa shi ne, bututu na iya toshewa amma hoto ya nuna ɗakunan ba su kumbura ba, a sallami yaro a ce lafiyarsa ƙalau. Domin rage zuƙar, Portnoy da abokan aikinsa suka fito da wata 'yar na'ura a 1973, a shekarun 1980 kuma aka samu bawul da ake iya saita ƙarfinsa daga waje da maganaɗisu. Ita kanta na'urar Si-Ti daga baya an gane cewa yawan ɗaukar yaro hoto da ita na tara masa haske mai illa, abin da ya sa asibitocin da ke da hali suka koma ga hoton maganaɗisu.

3.8 Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A farkon shekarun 1990 Sainte-Rose na Faris da abokan aikinsa suka duba majiyyata 1,719, suka gano cewa a cikin shekara 12 kimanin kashi 81 cikin ɗari na bututun kan samu matsala. A 1998 aka buga sakamakon wani gwaji da James Drake da John Kestle suka jagoranta a kan yara 344 a Amurka ta Arewa da Turai, inda aka gwada bawul iri uku, biyu sababbi, ɗaya tsohon samfuri. Ba a sami wani bambanci a tsakaninsu ba. Kimanin kashi 40 cikin ɗari sun lalace a shekarar farko, fiye da rabi kuma kafin cikar shekara biyu. Inda aka sami ci gaba na zahiri shi ne wajen cuta: wani gwaji a Birtaniya da Ailan da aka buga a 2019, mai majiyyata kimanin 1,600, ya nuna bututun da aka jiƙa da maganin ƙwayoyin cuta ya rage kamuwa daga kashi 6 zuwa kashi 2 cikin ɗari.

Bisa ga wannan, za a iya cewa wanda aka dasa wa bututu yana jariri zai zauna cikin shirin komawa asibiti muddin ransa. Toshewar da ba a gane da wuri ba kan jawo makanta ko mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

3.9 Darasin Yuganda

Idan haka abin yake, to amfanin bututu ya danganta ga nisan gidan yaro da likitan da zai gyara shi. Wannan shi ne abin da Benjamin Warf, likita Ba'amurke, ya tarar da ya koma garin Mbale na Yuganda a 2000. Ya gano kimanin kashi 60 cikin ɗari na yaran da ake kawo masa cutar da suka kamu da ita suna jarirai ce ta jawo musu ciwon. A 2005 ya nuna cewa bututun Chhabra na Indiya mai dala 35 bai gaza na Amurka mai dala 650 ba a shekarar farko. Amma arha ba ta hana toshewa, kuma iyaye da yawa ba za su iya isowa asibiti a kan lokaci ba.

Saboda haka ya koma ga dabarun Mixter da Dandy, ya haɗa su wuri guda da na'urar leƙe ta zamani: a huda ƙasan ɗaki na uku, a kuma ƙona tantanin da ke samar da ruwa, ba tare da an bar komai a jikin yaro ba. A jariran da ba su shekara ba, haɗin ya yi nasara a kashi 66 cikin ɗari, hudawa kaɗai kuwa kashi 47. A 2017 wani gwaji a kan jarirai 100 a wannan asibiti ya nuna babu wani bambanci a haɓakar fahimtarsu bayan shekara guda tsakanin masu bututu da marasa shi. Wannan aiki ba kowane yaro yake yi wa ba, kuma hudar ma takan rufe daga baya, amma mafi yawan gazawarsa a watannin farko take bayyana, lokacin da ake sa ido.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Yankin yana cikin zirin da sanƙarau ke yawaita, kamar yadda annobar 1996 ta nuna a Arewacin Nijeriya, inda fiye da mutum 100,000 suka kamu. Tun da Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, likitocin wannan fanni a manyan asibitocin birane suke, yara da yawa kuwa a karkara.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda aka taso daga zamanin Az-Zahrawi, lokacin da likita ke janye hannunsa, zuwa bawul ɗin Holter na 1956 da ya sa mafi yawan yaran ke rayuwa. An kuma ga cewa kowane mataki ya zo da matsalar da sai bayan shekaru ta bayyana: asarar gishiri a aikin Matson, ciwon ƙoda da na huhu a bututun zuciya, hudar hanji da tsinkewa a bututun ciki, da tsukewar ɗakuna sakamakon yawan zuƙa. Tarihin ya tabbatar da cewa bututu ba ya warkar da ciwon, riƙe shi yake yi. Don haka aikin likita ba ya ƙarewa ranar sallama. Wajibi ne iyaye da malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan asibitoci su san cewa ciwon kai da amai da yawan barci ko raunin gani a jikin yaro mai bututu, ko da ya shekara goma lafiya, alamu ne da ba a kwana da su a gida.